Auta, Ga Abin da Ya Hana Ni Buɗe Rumbu

Madarumfa, ranar Laraba

Zuwa ga autana Isuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare motar da mai tuƙa ta, Ya kiyashe ka daga mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ka da mutanen da za su riƙe ka amana.

Na cusa ta a cikin buhun guzurinka, ƙarƙashin ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunka zai fara kaiwa. Ka yi haƙuri da rubutun. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kai ne ma ka riƙa yi mini dariya kana cewa baƙaƙena sawun kaji ne. To, yau sai ka daure ka bi sawun kajin nan har ƙarshe, tunda ka ƙi zama mu yi magana baki da baki.

Jibi za ka bi kamiyon Alhaji, babbar motar kayan nan tasa, zuwa Kwatano ka yi masa aparanti, wato yaron mota, kuma da fushina za ka tafi. Ka roƙe ni in buɗe rumbun gandu mu sayar da hatsin ka sayi moto, wato babur, ka yi kabu-kabu a Maraɗi, na ce a'a. Ka sake roƙo, na sake cewa a'a. Sai ka miƙe ka kakkaɓe wandonka ka ce, "Baba, ka hi son hatsi da ni." Tun daga ranar ba ka sake sa hannu a akushi ɗaya da ni ba. Na kan zauna in raba tuwon gida biyu kamar kullum, in ci nawa gefen, naka ya kwana ya bushe. Maganar nan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ya fi ciwon shi ne tsoron da nake ji, kada ka tafi da ita a ranka ka ƙi dawowa. Shi ya sa nake zaune a inuwar itacen bedin ƙofar gida tun bayan azahar ina fama da biro.

Kai ba ka san kakanka ba. Gajeren mutum ne mai faɗan tsiya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa yana kan al'adar iyayensa ta Anna, a ƙauyenmu na wajen Safo, kafin mu dawo bakin tabki. Da na musulunta ina saurayi bai hana ni ba, ya dai ce in riƙe butata in bar masa tukunyarsa. Abubuwansa da yawa na bari, amma ban bar abin da yake yi da rumbu ba. Idan an gama kaka an ɗaure dammuna, sai a cika rumbun gandu, ya tara mu a ɗora jinka, ya zuba 'yar gumba a gindinsa ya yi 'yan maganganunsa. Daga ranar an rufe ke nan, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Duk tsawon rani mata ke ci da gida daga gamanarsu, wato 'yan gonakin da kowacce ke nomawa don kanta. Samari su tafi cin rani su rage baki, tsofaffi su zauna suna tufkar igiya. A sha wuya, a ɗan rame. Amma ranar da aka saɓa hauya aka nufi gona, kowa zai ci ya ƙoshi, don a lokacin ne jiki ya fi bukatar abinci kuma a lokacin ne hatsi ya fi tsada. Ni yanzu bisimilla nake yi a maimakon gumba, sauran duk nasa ne.

Ka san rumbun ba shi da ƙofa, ta sama ake shiga, kuma jinkarsa mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta. Ina yaro na tambayi tsohon me ya sa ba zai yi ƙarama ba irin ta rumbun mata. Ya harare ni ya ce, "Don in yunwa ta ruɗe ni, ko wani mai zaƙin baki, sai na nemo wanda za shi kama mani. Kahin in same shi hankalina ya dawo." Na yi dariya a raina na ce tsoho da ƙa'ida.

Shekarar da ya rasu na zama mai gida, kuma Allah Ya ba mu kaka mai kyau. Sai 'yan kasuwa suka ƙetaro iyaka da kuɗi a hannu, suna bin gida gida, suna gaisuwa kamar surukai. Ni kuwa kaina ya yi girma. Na ce wannan rufe rumbu aikin mutanen da ne, waɗanda ba su san kasuwa ba. Ko wata biyu ba a yi da ɗora jinka ba na kira wani abokina ya kama mini, muka sauke ta. Bai hana ni ba, don ya san zai sha shayi a ciki. Na sayi keke, na sayi rediyo mai kan kaset, na ɗinka babbar riga. Sauran kuwa filin kokawa ya ci. Wani maroƙi ya gano ni, da na shigo sai ya ɗaga murya yana kiran sunana da na ubana, ni kuma in miƙe in taka har tsakiyar fili in yi masa liƙi. Yanzu ko fuskarsa ba na iya tunawa.

Da ruwa ya sauka na shiga rumbun, sai ga ni ina taka zana da ƙafata, 'yan dammunan da suka rage sun tsaya mini iya gwiwa. Hatsin da na sayar da arha, shi na koma saye tiya tiya, kuɗin uku ba ya ba ni ɗaya. Daga wajen waɗancan mutanen masu gaisuwa kuwa na saya, amma a wannan karon ni ke gaishe su. Keken ya tafi da rabin kuɗinsa. Rediyon ba wanda ya taya. Na koma ƙwadago a gonakin mutane don mu samu na tuwon dare, tawa gonar kuma ciyawa ta shanye ta ina kallo. Babu abin da ya fi wannan cin rai, Auta, ka wuni kana noma wa wani, ka biyo ta gefen taka da yamma ba ka da sauran ƙarfi.

Innarku, Allah Ya jiƙanta, ita ta fisshe mu. Tun tana amarya tana da wata ɗabi'a. Duk sanda ta auno hatsin daka, kafin ta zuba a turmi sai ta ɗebi cikin hannu guda ta jefa a wani tulu da ke bayan gadonta. Ba ta fashi, ko hatsin nan da yawa ko kaɗan. Na sha yi mata ba'a ina cewa, "Ke da kaza wa ya hi wani tsintar ƙwaya?" Ba ta taɓa tanka mini ba. A tsakiyar daminar nan, ranar da na dawo ban samu ƙwadagon ba ma, na zauna a ƙofar ɗaki, sai ta gangaro da tulun nan har gabana ta cire murfin. Ashe ma ba shi kaɗai ba ne, akwai na biyu. Ta ce, "Ga tsintar kaza, mai gida. A dama ko a tuƙa?" Na ce a dama, don ya fi auki. Kunun nan muka yi ta sha da ganyen tafasa har tumu ya nuna.

To ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Ka lura, ba abin da ya rage take ajiyewa ba. Da ta jira ragowa, da ba ta ajiye komai ba, don a gidan talaka ba a ragewa. Kafin daka take ɗiba, kuma ba wanda ya taɓa jin tuwon ya ragu. Kai ma duk ranar da wani abu ya shigo hannunka, ko Alhaji ne ya sallame ka, ko na lodi ne, ko dala ashirin ce wani ya ba ka don ka kama masa kaya, ka fara cire cikin hannunka guda. Ka cire kafin shayi, kafin tsire, kafin ka sa kuɗi a waya ka yi ta hira da 'yan matan da ba su san sunan ƙauyenku ba. Kada ka ce ya yi kaɗan. Ni ma haka na ce.

Sannan ka ajiye shi inda kai kaɗai ba za ka iya buɗewa ba. Aljihu ba ajiya ba ne. Waya ma ba ajiya ba ce, tunda babban yatsa kaɗai ke buɗe ta, kuma na ga yadda naka yake da sauri. In ya ɗan taru ka aika wa yayarka Zuwaira a Gabi ta saya maka 'yar akuya ta haɗa da nata. Na zaɓe ta da gangan. Ta gado riƙon innarku, ta kuma gado bakin kakanka. Ranar da wani abu ya ruɗe ka ka kira ta ka ce a sayar, sai ka yi mata bayani tun daga farko, ta tambaye ka, ta sake tambaya, ta tuna maka ranar da ka yi fitsarin kwance. Kafin ku gama za ka san ko bukatar ta gaske ce. Abokai kuwa za ka same su, masu kama maka jinka da sauri. Ka yi zumunci da su, amma kada ka gaya musu inda akuyarka take.

Wannan kuskuren na farko cikinmu kawai ya taɓa, kuma ciki yana mantuwa. Na biyun shi ne wanda ban taɓa ba ka labarinsa ba.

Ka san ina da ƙane, Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa kawai ka sani, don duk wanda ya ɗauko zancensa a gidan nan na kan tashi in bar wurin. Ba ƙinsa nake yi ba. Ni na yi goyonsa, ni na koya masa ɗaurin dame. Dogo ne kamar kai, yana da irin dariyarka, mai sa mutum ya yi dariya ko bai ji abin da aka ce ba. Yana kamar shekarunka ya zo ya durƙusa a gabana bayan kaka ya ce yana son jari, zai tafi Nijeriya ya yi kasuwanci, ya gaji da jiran sama. A lokacin na riga na koyi kada in buɗe rumbu don kaina. Amma don ƙanena, sai na ji kunyar hanawa. Kuma in faɗa maka gaskiya, ina so a ce a gari Mati yaya ne na kirki. Muka kama jinkar ni da shi muka sauke. Na raba hatsin biyu, aka sayar da nasa. Ya ce jarin bai kai ba, sai muka ba da nasa gefen gonar jingina. Innarku ta same ni a bayan gida ta ce, "Ku bar mashi ko kaɗan, don gobe." Na ce mata wannan maganar maza ce.

Na raka shi tasha, abokansa sun taru, ana ta raha. Da zai hau mota sai na dafa kafaɗarsa na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "To Nomau, ka kwashe rabonka kaf. Kak ka dawo muna sai da motarka!" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Wasa nake yi, Allah Ya sani.

Shekarar farko ya aiko da sabulu da turmin zane na kakarka. Daga nan sai shiru. Yadda jarin ya salwanta ban sani ba har yau, wasu sun ce cutarsa aka yi, wasu sun ce ciwo ya yi ya cinye. Sai bayan shekaru wani mutumin Gabi da ke zuwa cin rani ya zo ya same ni a garka ina ban ruwa, ya ce ya ga Nomau a Legas yana dako a kasuwa, yana kwana a bakin shagon wani. Ya ce masa ya zo su koma gida tare, zai biya masa mota. Nomau ya ce, "In koma in ci mi? Na cinye rabona tun ran da na hito. Kuma Yaya ya ce sai da mota." Na riƙe hannun mutumin nan na ce idan ya koma ya gaya masa wasa ne, ya gaya masa rabona nasa ne, ya zo ko da wando ɗaya ne. Da ya koma bai same shi a wurin ba, ba kuma wanda ya san inda ya nufa.

Kakarka ta rasu tana tambaya ko an ji labarinsa. Bayan rasuwarta da kamar shekara guda, wani direba ya ce mini an ga mai kama da shi a Ɗan Isa, nan bakin iyaka. Na ɗaura wa jaki amalanke na tafi. Mai shayin da ke bakin tasha ya ce e, wani dogo ya zauna a nan, ya tambayi mutanen Madarumfa, ya tambaya ko tsohuwar gidan su Mati tana nan. Aka ce masa ta rasu. Ya daɗe zaune bai sha shayin ba, sannan ya biya, ya hau motar da ta nufi kudu. Mai shayin ya nuna mini bencin, na zauna a kai har la'asar, ban san abin da nake jira ba. Ka san tsakanin Ɗan Isa da ƙofar gidan nan ba wata tafiya ba ce. Ya zo har nan, ya kasa ƙarasowa, don a ganinsa ba shi da ko zangarniya ɗaya a gidan ubansa. Ni na taya shi sayarwa, ni kuma na rufe masa ƙofa da bakina. Yau ban sani ba ko yana raye. Ba ni da ikon yi masa sadakar mamaci, ba ni da ikon sa ran ganinsa.

Ranar da ka durƙusa a gabana kana zancen moto, shi na gani. A wuri ɗaya kuka durƙusa, a gindin rumbu ɗaya. Ban ce ba ka da hankali ba, ban kuma ce kabu-kabu ba sana'a ba ce. Amma moto tana faɗuwa, ana sace ta, ana kama ta, injinta yana bugawa. In da ta tafi da rumbun nan a cikinta, da ka rasa moto, ka kuma rasa idon da za ka dube ni da shi. Na san ka, zuciyarka irin tasa ce, da ba za ka zo ka ce Baba na faɗi ba. Yanzu kuwa ƙarfinka kawai ka ɗauka. In tafiya ta yi kyau, alhamdu lillahi. In ba ta yi ba, ba ka ɓatar da komai na gida ba, rabonka yana nan ba a taɓa shi ba, kai da kanka ka noma shi ka ɗaure shi. Ba hatsin nake tsaro ba, Auta, hanyar dawowarka nake tsaro.

Mai yiwuwa ne na yi kuskure a wannan ma. Ga ɗan Ila maƙwabcinmu, Ila ya sayar da sa ya saya masa moto, yanzu har ya yi wa uwarsa ɗakin kwano. Ka faɗa mini haka, kuma gaskiya ka faɗa. Wataƙila tsoron tsoho ne kawai. Amma ni da na zauna a bencin nan na Ɗan Isa ba zan iya yin yadda Ila ya yi ba. In akuyoyinka suka hayayyafa ka sayi moto da guminka, ni ne zan fara hawa, ka kai ni kasuwar Maraɗi ina riƙe da rigarka ina salati.

Saura guda, kuma ita ce ta fi yi mini nauyin rubutawa. Kada ka karanta abin da ya gabata ka zama irin mutumin da na zama bayan tafiyar Nomau. Na ƙulle hannuna gam. Na ga kamar duk dalar da ta fita daga gidan nan wani ne zai bi ta ya ɓace. Na fanshi gonar da aka ba da jingina, na kama 'yar garka a bakin tabki, rumbu bai ƙara yin ƙasa ba. Mutane suna yabona, ni kuma ina jin daɗi.

Innarku ba mai roƙo ba ce, amma tana son tarwaɗa. Ranar kasuwa in masunta sun fito da ita, ƙamshin bandar yana shigowa har tsakar gida. Sai ta ce, kamar ba da ni take ba, "Yau kam masunta sun samu." Ni kuma in ce, "Sai kaka." In kaka ta yi in ce bari mu ga yadda rani zai kasance. In rani ya yi in ce ai damina na tafe. Muna zaune a bakin tabki, matar da ta ci da ni da tulunta, na hana ta kifin da bai fi kuɗin goron da nake ci a mako ba. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ta dai daina faɗa.

Da ciwonta ya yi tsanani, bayan mun dawo daga likita, na gangara bakin ruwa na sayi wadda ta fi kowacce girma, ko tayi ban yi ba. Zuwaira ta yi romo ta kai mata. Ta shinshina, ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Ashe kaka ta yi, mai gida?" Ta kurɓi cokali ɗaya, na biyun ya ƙi wucewa. Ta ce a ba auta. Kai ka cinye kifin nan, kana zaune a gefen tabarmarta kana tsotsar ƙaya, ita tana kallonka. Ba za ka tuna ba, kana ƙarami. Ni tun daga ranar ban sake cin tarwaɗa ba.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Cikin hannu guda na ce, ban ce ƙwaryar duka ba. Ita ba ta taɓa hana mu tuwo don ta cika tulu ba, ni ne ban gane ba. Ka ci abinci ka ƙoshi, aikin mota ba ya yiwuwa da yunwa. In zazzaɓi ya kama ka, ka je likita ranar, kada ka ce sai an sallame ka. In abokin tafiyarka ya rasa na abinci, ku raba naka. In Allah Ya ba ka mata wata rana ta ce masunta sun samu, ka tashi ka sa takalminka. Ajiyar da ake yi don mutane ake yinta, in mutanen suka tafi sai ka zauna kai da ita a tsakar gida, kamar yadda nake zaune yanzu.

Gidan nan da ya ɗauki mutum goma sha wani abu, jibi ni kaɗai zan rage da jaki. Ɗakin kakarka ya rushe, ɗakin Nomau na mai da shi na kaya amma ban taɓa barin rufinsa ya zuba ba, ɗakin innarku yana nan yadda ta bar shi. Naka ma zan riƙa sharewa. Matar Ila za ta ci gaba da tuƙa mini tare da nasu, in auna mata daga ƙaramin rumbun innarku, don har yanzu ni ke noma gamanarta. Kuma kafin in miƙa mata ƙwaryar, na kan ɗebi cikin hannu guda in jefa a tulun nan. Ka sha ganina ina shiga ɗakin da rana ka ɗauka wani abu nake nema. Ƙarar zubar hatsin nake zuwa ji, don ita kaɗai ce ta rage mini daga motsinta. Da yamma kuma in na ba jaki harawa na kan tsaya in ba shi labarin garka. Ba ya musu, a wannan ya fi ka.

Ban rubuta wannan don ka fasa tafiya ba. Ka tafi, namiji yana fita ya ga duniya, mu ma mun fita. Kada ka damu da aiko mini da komai, ina da abin da zan ci. In ka samu sarari ka kira wayar Ila ya kawo mini, ko gaisuwa ce kawai, ko kana fushin ne ma ka kira ka yi shiru in ji numfashinka. Jibi a tasha za ka ga ban ce komai ba sai Allah Ya kiyaye hanya. Kada ka ɗauka fushi ne. Bakina nake tsoro a tasha.

Abin da ya kamata in faɗa wa Nomau a wancan karon, shi zan faɗa maka a nan inda ba masu dariya. Ka dawo. Ka dawo da mota, ka dawo da moto, ka dawo a ƙasa da takalmi ɗaya, duk ɗaya ne a wurina. In ka dawo ba ka da komai, kada ka tsaya a Ɗan Isa kana tambayar mutane ko ina nan. Kada ka jira duhu. Ka shigo da rana tsaka ta ƙofar gida, ka ce a ba ka ruwa, ba wanda zai tambaye ka abin da ka kawo.

Ran da ruwan shuka ya sauka ba zan yi gaggawar buɗe rumbun ba. Zan fara da tulun innarku, zai kai ni har a gama shuka, wataƙila har noman fari. Ina nan ina duban hanya. Ila ya ce in lokaci ya yi zai kama mini jinkar, na yi masa godiya, amma na ce ya dakata tukuna. Ni da kai muka ɗora ta bana, kai ta gabas ni ta yamma, kana ce mini in ɗaga da kyau tsufa ya kama ni. Gefen gabas naka ne, ban ba kowa ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya ba ka halal mai albarka, Ya rufa maka asiri a baƙon wuri. Allah Ya jiƙan innarku. Allah Ya tsare Nomau in yana raye, Ya yi masa rahama in ya riga mu. Na yafe maka maganar da ka faɗa tun kafin ka rufe baki, kai ma ka yafe mini. Allah Ya dawo mini da kai ina da sauran ƙarfin ɗaga nawa gefen.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Mati